TSOKACI: Wa Ya Kamata Ya Ci Tuwon Jajibirin Ɗaurin Aure?

Yau ɗan tsokaci na zo da shi a kan wani abu da ya faru a gidanmu, wanda na tabbata da yawa daga cikinku ko dai ya riga ya same ku, ko kuwa yana nan tafe, muddin kuna da ƙanne ko 'ya'yan da suka tasa. Ni ba malami ba ne, don haka kada a sa ran jin fatawa a bakina. Magidanci ne kawai da ɗawainiyar aurar da ƙanwa ta faɗo wa a ka, ya ga abin da ya gani, ya ce bari ya faɗa wa 'yan'uwa ko wani zai amfana.

Gidanmu yana cikin tsohon garin Sakkwato, a lungunan da ke kewaye da Hubbaren Shehu. Mahaifinmu ya rasu da jimawa, ni ne ɗan fari, saboda haka da aka sa ranar auren autarmu a watan Disambar 2024, kowa ni ya zuba wa ido. Angon mutumin Zariya ne, yana aiki a Abuja, kuma tun da aka fara maganar, in ban da wakilai uku da suka kawo kuɗin gaisuwa da matan da suka kawo lefe, babu wanda muka taɓa sa wa ido a danginsa.

Saura mako biyar biki, ina zaune a zaure bayan sallar isha'i, sai ga Auta ta shigo da wata takarda a hannu, ta durƙusa ta miƙo mini. Tsarin biki ne ita da ƙawayenta suka rubuta tare da wata mai tsara bukukuwa da suka samo a Instagram. Laraba kamu, Juma'a ɗaurin aure, Asabar dina, Lahadi kai amarya. Duk waɗannan na san su. Amma a gaban Alhamis sai na ga an rubuta wani abu da ban taɓa ji ba, wai liyafar daren gwaji, kuma kuɗin da aka sa a gabansa ya kusa albashina na wata uku.

Na ce, "Auta, wannan fa? Me za a gwada?"

Ta ce, "Yaya, rihazal ne. Ƙawayena goma da abokan ango goma za su je hol ɗin da za a yi dina, a gwada yadda za a shigo, da inda kowa zai tsaya, da inda mai hoto zai ɗauke mu. In an gama sai a ci abinci. Yanzu haka ake yi."

Na ce, "To wa za a gayyata?"

Ta ce, "Mu ne kawai, ƙawaye da abokai. Ba na manya ba ne."

Inna tana daga bakin ƙofar tsakar gida tana jin mu. Ita ba ta kiran sunana saboda alkunyar ɗan fari, sai ta ce, "Kai yaron ga, mi taka cewa za a gwada? Auren za a gwada ko mi? Mu da anka yi namu ba wanda yag gwada muna komi, ga mu har yau." Muka yi dariya ni da ita, Auta kuwa ta tashi ta shige ɗaki ranta a ɓace.

Da yake ba na son in hana abin da ban san asalinsa ba, sai na nemi wani abokina da ya yi karatu a Amurka, ya kuma halarci bukukuwansu, na tambaye shi. Ga abin da na fahimta daga bayaninsa. A can, musamman in a coci za a ɗaura aure, ango da amarya su ne da kansu suke tsayawa gaban jama'a su furta alkawari, su sanya wa juna zobe. Akwai jerin shigowa: wa zai fara, wa zai biyo, yaushe uban amarya zai riƙo hannunta ya kawo ta, ina 'yan rakiya za su tsaya, wa ke riƙe da zoben. Abu ne mai tsari kamar wasan kwaikwayo, in ba a gwada ba sai a yi ta karo da juna a gaban baƙi. Shi ya sa ana gobe biki, da yamma, suke zuwa wurin su gwada. In sun gama sai su wuce cin abincin dare, wanda bisa al'adarsu iyayen ango ne ke ɗaukar nauyinsa, tun da iyayen amarya su aka sani da ɗaukar nauyin babban bikin. Waɗanda ake kira su ne iyaye da kakanni da 'yan'uwa na jini na ɓangarorin biyu, da 'yan rakiya, sau da yawa har da limamin da zai ɗaura auren da baƙin da suka taso daga nesa. Taro ne ƙarami. Uban ango ya miƙe ya yi maraba, a gabatar da dangi, a yi jawabai na godiya, a ba 'yan rakiya 'yan kyaututtuka, a tashi da wuri saboda hidimar gobe.

Mai karatu, ka lura da abu biyu a nan. Na farko, gwajin yana da dalili a wurinsu domin ɗaurin aurensu ne yake buƙatarsa. Na biyu, ainihin amfanin cin abincin shi ne dangin miji da dangin mata su zauna wuri ɗaya su san juna tun kafin hayaniyar biki ta raba hankalin kowa.

To mu dawo gida. Mu a wurinmu me ake yi a ɗaurin aure? Waliyyin amarya ya zauna, wakilin ango ya zauna, ga liman, ga shaidu. Wakili ya nemi aure, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, a faɗa ko lakadan ne ko ajalan, a yi addu'a, a shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya shaida wa jama'a, a raba goro da alawa da dabino. Duka-duka bai fi minti goma sha biyar ba, kuma amarya tana can cikin ɗaki lulluɓe, shi kansa ango ko yana nan ko ba ya nan aure ya ɗauru. Babu wani abin gwadawa a ciki, domin dattawan da za su yi maganar sun yi ta sau ba adadi. Ashe ke nan gwajin da yaranmu suke so ba shi da alaƙa da auren kansa. Gwajin shiga hol ne, domin hoton bidiyo ya yi kyau a TikTok. Sannan abu guda mai amfani da ke cikin al'adar masu abin, wato haɗa dangi biyu a kan akushi ɗaya, shi ne aka cire aka yar, aka ce ba na manya ba ne. Wannan ita ce matsalata da yawancin abin da muke arowa: sai mu ɗauko abin da ido ke gani, mu baro dalilin da ya sa masu shi suke yi. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya sa wannan maganar ta tsaya mini a rai kuwa, wani abu ne da na gani da idona 'yan shekaru kaɗan kafin nan. Ɗiyar baffana an yi mata biki irin wanda ake ba da labari. Kwana biyar ana shagali, anko kala huɗu, dina a babban hol, motoci har sun tare titi. Baffana ya sayar da fili, ya kuma ci bashi a kai. Wata bakwai da tarewa saɓani ya shiga tsakaninta da mijin, irin saɓanin da kowane sabon aure ke gamuwa da shi, ta yi yaji ta dawo gida. Aka ce manya su zauna. Ina cikin waɗanda suka raka Baffa, kuma wallahi sai da muka shiga falon mutanen nan muka zauna, sannan aka fara tambayar wane ne uban yaron, wane ne kawunsa. A wurin ɗaurin aure an gaisa a tsaitsaye cikin cunkoso, a wurin dina kuwa kiɗa bai bar kowa ya ji muryar kowa ba, dattawan ma ba su je ba. Wato zaman farko da gidajen nan biyu suka taɓa yi, zaman rigima ne. Kowa ya zo da labarin da ɗansa ya ba shi, babu wata tsohuwar gaisuwa ko cin abinci tare da za ta sa wani ya ji nauyin wani. Magana ɗaya biyu aka fara ɗaga murya. Auren bai kai shekara ba ya mutu, Baffa kuwa sai da ya ƙara shekara biyu yana biyan bashin bikin auren da babu shi.

Ba ina cewa da sun ci tuwo tare da auren bai mutu ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da nake cewa shi ne, aurenmu na Hausawa dangi ne ke riƙe da shi. In an yi yaji dangi ke biko, in an haihu dangi ke suna, in an yi rashi su ke zaman makoki. A da, yawanci auren unguwa ɗaya ne ko gari ɗaya, iyayen yaro da na yarinya sun san juna tun suna samari, sun san wa ke da haƙuri, wa ke da zafi, wa za a tura in ana son a kashe wuta. Yau yaro a Abuja, yarinya a Sakkwato, sun haɗu a makaranta ko a waya, iyaye ba su taɓa jin ɗuriyar juna ba. Ashe mu yanzu ne muka fi kakanninmu buƙatar a ware wani dare guda domin dangi su san juna, sai ga shi daren da ya fi dacewa da hakan shi ake son a kai hol a kashe a kan gwajin taku.

Na ce shi ya fi dacewa domin a daren ne baƙi suke gari kuma ba su da abin yi. Duk wanda ya san halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, ya san babu mai hankalin da zai yarda dare ya yi masa a kanta. Wanda zai halarci ɗaurin auren Juma'a daga Zariya ko Kano ko Kaduna, tilas ya taso da sassafen Alhamis ya iso da rana tsaka ko la'asar. Mutum ya sayi mai da tsadar da ya yi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ya bar sana'arsa, ya ɗauki kasadar hanya domin ya taya ka murna, sai ka ajiye shi a masauki da kular shinkafa, kai kuma yaranka suna hol suna koyon tafiya? Da na kawo wa Inna wannan maganar cewa ta yi, "Ai ko a lahira aka ji wagga magana an yi muna dariya. Mu da baƙon da ba mu sani ba ma muka ba ruwa."

Gaskiya ta faɗa, domin wanda ya tashi a unguwarmu da baƙi ya buɗe ido. Tun da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya baro Sifawa ya dawo Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817 aka rufe shi a gidansa, wurin nan bai rabu da masu ziyara ba. Muna yara mukan ga ayarin tsofaffin mata daga ƙauyuka, wasu har daga Nijar, da 'yan ƙullin kayansu a ka, sun zo ziyarar Shehu da ɗiyarsa Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864 aka rufe ta kusa da shi. Ita ce ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke jagorantar mata daga karkara su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu. Baƙuwar da rana ta dake ta ba ta buƙatar ta san ka kafin ta yi sallama a zaurenka ta nemi ruwa ko wurin salla. A irin wannan unguwa ne za a ce surukai sun zo daga Zariya sun kwana ba a zauna da su ba?

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka ni ne mai gaskiya daga farko har ƙarshe. Yadda na fara tunkarar maganar kuskure ne. Na ɗauki biro na soke daren gwaji, na soke dina, na ce kamu da walima sun isa. Auta ta yi kwana huɗu ba ta gaishe ni da fuska a sake ba. Rana ta biyar ta same ni ta ce, "Yaya, ni ban taɓa roƙonka komai ba tun da Baba ya rasu. Duk ƙawayena na yi musu anko, na je nasu. Sau ɗaya ne a rayuwata. In kai ka ga wauta ce, ni a wurina ba wauta ba ce." Ta faɗa tana hawaye, ni kuma jikina ya yi sanyi, domin na gane ina neman in huce haushin bikin ɗiyar Baffa a kan yarinyar da ba ta yi mini laifin komai ba. Farin cikin amarya a ranar aurenta haƙƙinta ne, kuma mu mazan da ke yawan wa'azin a rage biki mukan manta cewa namiji yana iya yin angonci har sau huɗu, ita kuwa budurci sau ɗaya ake fita daga cikinsa.

Sai muka yi sulhu a gaban Inna da Gwaggo. Dina tana nan, amma a ƙaramin wuri, da adadin mutanen da aljihunmu da na ango zai iya ɗauka ba tare da bashi ba, kuma a tashi kafin goma na dare. In suna son gwada shigowarsu, su je wurin da hantsin ranar Asabar su yi rabin awa, ba abinci ba kuɗin haya na daban. Daren Alhamis kuwa na dangi ne, a gida za a yi shi, kuma ita da kanta za ta zaɓi wanda za a kira daga ɓangaren mata.

Ga yadda muka tsara shi, ko wani zai ɗauki wani abu a ciki. Da farko na kira wan mahaifin ango a waya tun saura mako uku, na gaya masa nufinmu, na roƙe shi ya ba ni adadin masu zuwa da matsayin kowa. Ya ce maza goma sha ɗaya, mata tara. Muka ware kwatankwacin haka daga namu ɓangaren: baffanni da kawunnai, gwaggwanni da innoni, limamin unguwa, mai unguwa, da maƙwabta biyu da suka riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu. Gaba ɗaya ba mu kai hamsin ba. Ba mu buga kati ba, ƙafa na taka na je gidan kowa na faɗa masa, domin zumunta a ƙafa take. Da dattijon ya ji, sai ya ce lallai su ma sai sun sa hannu, suka aiko da kuɗin akuya da lemo. Ban yi musu gardama ba, domin abin da mutum ya sa kuɗinsa a ciki yakan ɗauke shi nasa.

Abinci kuwa namu na gida aka yi: tuwon shinkafa na kwano shida da miyar sure, wato abin da mutanen Kano da Zariya ke kira yakuwa, da farfesun jar akuyar nan tamu ta Sakkwato, da masa, sannan fura da nono a sha a wanke baki. Matan gida da na maƙwabta suka yi girkin, ba a ɗauko mai dafa abincin haya ba. Aka share zaure da ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi da darduma domin maza, mata kuma a tsakar gida wajen Inna. Muka ari janareta saboda halin wutarmu, muka sa lokaci daga bayan magariba zuwa isha'i, don tsofaffi da waɗanda suka sha hanya su kwanta da wuri. Abu guda da na dage a kai shi ne kada Zazzagawa su haɗu a tabarma ɗaya Sakkwatawa a ɗaya. Kowane faranti na sa mutum biyu nasu biyu namu.

Da farko wurin shiru, sai ƙarar cokali da gyaran murya. Can wani kawun ango ya ɗanɗani miya ya tambayi sunanta, aka ce masa sure, ya ce shi dai a garinsu yakuwa ya sani, amma ya ji an ce Sakkwatawa komai sai sun canza masa suna. Baffana ya ce ai Hausar ce a nan aka haife ta, can reno aka kai ta. Wuri ya kaure da dariya, daga nan baki ya buɗe. Kafin a kawo fura, an gano cewa wani baffan ango ya yi aikin koyarwa a Sakkwato shekaru da dama da suka wuce, har ya san mahaifinmu a kasuwa. Bayan an ci an sha, liman ya buɗe da addu'a, na miƙe na gabatar da namu ɗaya bayan ɗaya, wan mahaifin ango ya gabatar da nasu. A nan aka ƙarasa 'yan maganganun da kan jawo ruɗani a ranar ɗaurin aure: wa zai karɓa wa ango, wa zai bayar, nawa ne sadaki kuma a hannun wa yake, ƙarfe nawa za a zauna bayan an sauko Juma'a, motoci nawa za su kai amarya kuma yaushe za su tashi. In akwai gwajin da aurenmu ke buƙata, to wannan ne, kuma bai ci minti goma ba.

Daga ƙarshe dattijon nan ya yi wani abu da ban shirya ba. Ya nuna ƙaninsa ya ce, in yarinyarku ta ga abin da ba ta so, wannan za ku kira, shi yaron ke jin tsoro. Baffa shi ma ya nuna Kawu ya ce, in taku matsalar ce da ita, ga wanda ba ta iya musa wa. Mutanen biyu suka yi musayar lamba a gabanmu. A cikin gida kuma, na ji daga baya, uwar ango ta kama hannun Auta ta zaunar da ita kusa da ita, suka ci a kwano ɗaya, Inna ta ce mata, "Ga ɗiyarki nan, marainiya ta, amanar Allah." Washegari da safe muka raka baƙin suka yi ziyara a Hubbare, muka yi Juma'a tare a Masallacin Shehu, muka dawo ƙofar gida aka ɗaura aure. Duk abin da muka kashe a daren bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka rubuta a takardar farko ba, ragowar kuma ya tafi cikin kayan ɗakinta.

Na san akwai masu cewa ai bukukuwan nan sana'a ce, masu hol da masu kwalliya da masu hoto da teloli da su suke ci. Haka ne, kuma ba na fatan kowa ya rasa abincinsa, mu ma mun yi dinarmu sun samu rabonsu. Wanda Allah Ya hore wa, ya yi abinsa daidai ƙarfinsa. Damuwata ita ce yadda abin da mai kuɗi ya yi don nishaɗi yake zama farilla a kan talaka cikin shekara biyu uku. Haka dina ta shigo, haka ranar ƙauyawa da daren Larabawa suka shigo, kowanne da ankonsa, har ta kai samari na gudun aure, iyaye na sayar da gonaki. Daidai ruwa daidai tsaki. Abdurrahman bin Auf attajiri ne a cikin sahabbai, amma da ya yi aure abin da Manzon Allah (SAW) ya umurce shi shi ne ya yi walima ko da da akuya guda ce, kuma ya zo a hadisi cewa abincin walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta shi ne mafi sharrin abinci. Sai mu auna wannan da bikin da ake sa ƙarti a bakin ƙofa suna duba kati, maƙwabcinka na shekara talatin yana waje.

Akwai kuma masu ganin doka ce za ta gyara. A 2023 Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta amince da wani ƙudiri na taƙaita kashe kuɗi a bukukuwan aure da suna da kaciya, kuma niyyar mai kyau ce. Sai dai mu tuna dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta liƙi da takardun naira, da hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, amma wane ne a cikinmu bai ga ana liƙi a gabansa ba bayan nan? Ɗan sanda ba zai shiga tsakanin uwa da ɗiyarta a kan anko ba. Gyaran yana hannun wanda aka miƙa wa takardar tsarin biki a zaure, kamar yadda aka miƙa mini, kuma ba da tsawa ake yin sa ba. In ka soke wa yarinya abu, ka ba ta wani a madadinsa, ka kuma saurari nata uzurin.

Shawarata ga duk mai shirin aurar da ɗa ko ɗiya, musamman in surukan na nesa ne, ita ce ya riƙe daren jajibiri ya hana kowa taɓa shi. A yi shi a gida ko da gidan ƙarami ne, domin surukai su ga inda 'yarsu ta fito, shimfiɗar fuska kuwa ta fi ta tabarma. A taƙaita mutane yadda kowa zai ji muryar kowa. Kada a kawo kiɗa, kada a yi anko, kada a sa mai hoto ya riƙa tayar da dattawa daga kan abinci. A cakuɗa zama, a gabatar da kowa da matsayinsa, a kammala maganar gobe, a san wa za a kira in ta ɓaci, sannan a sallami mutane da wuri.

Wata biyar bayan tarewa, wata rana da dare Kawu ya kira ni ya ce ƙanin baban yaron nan ya buga masa waya, an ɗan samu saɓani tsakanin yaran a kan maganar komawarta karatu, amma su biyu sun yi magana da kowannensu, an wuce wurin. Ni ban ma ji ba sai da aka gama, Inna kuwa har yau ba a gaya mata ba. Da Auta ta zo ganin gida na tambaye ta ko tana kallon bidiyon dinarta, ta yi dariya ta ce sau biyu ta kalla wayar ta lalace. Sai ta ce surukarta ta ce in za ta dawo ta taho mata da busasshen sure.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kuma a yi mini afuwa, musamman ƙannenmu 'yan mata waɗanda na san wasunsu ba za su ji daɗin maganar ba. Allah Ya ba ma'aurata zaman lafiya da zuriyya ɗayyiba, waɗanda ba su yi ba Allah Ya kawo nagari, mu kuma iyaye da yayye Ya rufa mana asiri. Wassalam.